Hoton da ke auna lokaci: abin da ake koyo da hannu a horon FLIM

Yawancin hotunan ƙwayoyin halitta da ake gani a mujallun kimiyya, masu kore da ja da shuɗi a kan baƙin fili, tambaya biyu suke amsawa: ina abin yake, kuma yaya ƙarfin haskensa. Akwai wani nau'in hoto da ke kama da su a ido, amma launukansa lokaci suke nunawa. Kowane ɗigo a cikinsa awo ne na ɗan jinkirin da sinadari ya yi kafin ya mayar da hasken da aka haska masa. Wannan dabara ita ake kira FLIM, kuma tana cikin fannonin aikin maikroskof da mutum zai haddace littafinsu kaf, ya zauna gaban na'ura ya fito da lambobin ƙarya bai sani ba. Shi ya sa cibiyoyin bincike ke shirya horo na 'yan kwanaki ko makonni inda ɗalibi zai sa hannu da kansa.

Tushen abin shi ne ƙyalli. Wasu sinadarai idan aka haska su sukan haɗiye hasken, su riƙe ƙarfinsa na ɗan lokaci, sannan su sake shi da wani launi mai ƙarancin ƙarfi: ka ba su shuɗi su mayar maka da kore. George Gabriel Stokes ne ya yi bayanin wannan a Ingila a 1852. Bambancin launin nan shi ne ya sa ake iya tace hasken da aka aika a bar wanda ya dawo kaɗai. Da aka gano furotin mai ƙyallin kore, GFP, a jikin wata halittar teku mai laushi a 1962, sannan aka nuna a 1994 cewa ana iya sa wasu halittu su ƙera shi a jikinsu, sai masana suka samu hanyar liƙa fitila a jikin kusan kowane furotin da suke son bibiya. Osamu Shimomura da Martin Chalfie da Roger Tsien sun karɓi kyautar Nobel a kan haka a 2008.

To amma ƙarfin haske mugun shaida ne. Wuri zai fi haske don rini, wato sinadarin mai ƙyalli, ya fi taruwa a can, ko don lesa ta fi ƙarfi ranar, ko don samfurin ya fi kauri, ko don rinin gefe ya riga ya koɗe. Duk waɗannan a hoto kamanninsu ɗaya. Wa'adin ƙyalli, wato matsakaicin lokacin da sinadarin ke riƙe ƙarfin kafin ya sake shi, bai damu da yawan rinin ba matuƙar bai yi cunkoso fiye da kima ba. Ka buga ƙararrawa da ƙarfi ko a hankali, amon zai bambanta, amma yadda yake mutuwa iri ɗaya ne. Ka ɗora mata yatsa kuwa, nan take zai gajarta. Abin da ke kewaye da sinadarin shi ke taka rawar yatsan nan: tsami, kauri, zafi, iskar oksijin, ko wani sinadari da ya matso kusa.

Lokacin da ake magana a kai ƙanƙane ne matuƙa. Ana auna shi da nanosakan, kashi ɗaya cikin biliyan na sakan, wanda a cikinsa haske kansa santimita 30 kawai yake tafiya. Rinin fuloresin a ruwa mai alkali yana da wa'adi kusan nanosakan 4. GFP da aka inganta yana wajen 2.5. Tun 1926 Enrique Gaviola, masani ɗan Ajantina da ke aiki a Jamus, ya ƙera na'urar da ta auna irin wannan lokaci a cikin ruwan rini. Abin da ya ɗauki shekaru da dama shi ne yin awon a kowane ɗigo na hoto.

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ƙirga ƙwayoyin haske ɗaya bayan ɗaya, wadda ake taƙaitawa da TCSPC. Lesa tana harba gajeren haske, agogo ya fara tafiya, foton na farko, wato ƙwayar haske, ya iso na'urar kama haske, agogo ya tsaya, a rubuta lokacin. A maimaita sau miliyoyi. Idan aka jera lokutan nan sai su ba da tudu mai gangara: da yawa sun iso da wuri, kaɗan sun makara. Bayan wa'adi ɗaya kashi 37 cikin ɗari ne ya rage, bayan biyu kusan 14, bayan uku kusan 5. Daga siffar gangarar ake fitar da lambar. Kamfanoni biyu na birnin Balin, Becker & Hickl da PicoQuant, sun yi suna wajen ƙera kayan wannan ƙidaya, kuma manyan masu ƙera maikroskof yanzu suna haɗa tsarin a cikin na'urorinsu.

Iyakar abin da littafi zai ba ka ke nan. Daga nan sai ɗaki mai duhu.

Horo mai kyau ba ya farawa da ƙwayar halitta. Yana farawa da ɗigon rini da kowa ya san wa'adinsa, a kan gilashi. Ɗalibi zai sa fuloresin, ya auna, ya ga ko 4 ta fito. Sau da yawa ba ta fitowa a karon farko, kuma darasin yana cikin neman dalili. Wataƙila ruwan bai kai alkalin da ake buƙata ba. Wataƙila hasken allon kwamfuta ko wata 'yar fitila a jikin wata na'ura yana shiga, ya ɗaga gindin gangarar, wa'adin ya zama kamar ya fi tsawo. Sai ka ga mutane suna bin ɗaki da baƙin tef suna rufe fitilu ƙanana kamar ƙwayar gero. Malami mai wayo yakan bar su su sha wahalar nan kafin ya nuna musu cewa tun farko ya kamata su rufe lesa su ƙirga abin da na'urar ke gani a cikin duhu zalla.

Sai maganar sawun na'urar kanta. Harbin lesa yana da ɗan faɗi, na'urar kama haske tana da ɗan jinkiri, wayoyi ma haka. Saboda haka ko da za a ba ta hasken da bai ɗauki lokaci ba sam, abin da za ta rubuta ɗan tudu ne mai faɗi, kuma wannan tudun yana cakuɗe da kowace gangara da za a auna. Dole a auna shi dabam, a cire shi a lissafi. Akan yi amfani da rinin da aka kashe ƙyallinsa da gishirin ayodin har wa'adinsa ya zama kamar babu, ko kuma, a na'urar foton biyu, wani nau'in maikroskof mai lesa, da ƙwayoyin sinadarin yuriya busassu da ke mayar da haske nan take. Idan wa'adin da kake nema dogo ne, kuskure kaɗan a nan ba zai kashe ka ba. Idan kana neman 0.4 na nanosakan, sawun na'ura zai iya zama rabin abin da kake gani.

Darasin da na fi ganin amfaninsa shi ne na cunkoso, domin ya saɓa wa abin da hankali ke raya wa mutum. Hoto ya yi duhu, hannu ya kai ga maɓallin ƙara ƙarfin lesa. Hoto ya yi kyau, kowa ya ji daɗi. Amma a tsarin ƙidaya na gargajiya foton ɗaya kawai ake rubutawa a kowane harbi, na farko da ya iso. Idan haske ya yi yawa har biyu suna zuwa a harbi guda, wanda ya makara kullum shi ake zubarwa. Gangarar sai ta karkata wajen masu sauri, wa'adin ya gajarta, alhali babu abin da ya canza a samfurin. A horo akan sa ɗalibi ya riƙa ƙara lesa a kan rinin nan da ya sani, yana kallon lambar tana zamewa ƙasa da 4 a gabansa. Gani ya kori ji. Tsohuwar ƙa'ida ita ce kada ƙidaya ta wuce kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari na yawan harbin lesa. Sababbin na'urori masu sauri da lissafin gyara sun ɗaga wannan iyaka sosai, amma kowace na'ura da tata, kuma sai ka gwada taka za ka san inda take fara yi maka ƙarya.

Daga wannan iyaka ne duk wani ciniki ke tasowa, kuma lissafinsa ba wuya. Lesa mai harbi sau miliyan 80 a sakan, idan ka tsaya a kashi 1, foton dubu 800 za ka samu a sakan. Hoto mai ɗigo 256 sau 256 yana da ɗigo 65,536. Kana son foton dubu a kowanne, kana buƙatar sama da miliyan 65, wato kusan sakan 82. Ka ninka faɗi da tsawo zuwa 512, lokacin ya wuce minti biyar. A minti biyar ƙwayar halitta mai rai ta motsa, rinin ya fara koɗewa, hasken ya fara yi mata illa, abin da kake aunawa ya soma zama martanin ƙwayar ga awon naka. Kuma rage foton yana da farashi bayyananne: da 100 rashin tabbas ɗin yana wajen kashi 10, sai ka kai 10,000 kafin ya sauko kashi 1. Don haka mai aiki yakan haɗa ɗigo-ɗigo maƙwabta ya sadaukar da kaifin hoto, ko ya yarda da lamba mai ɗan rawa, ko ya canza tambayar tasa gaba ɗaya. Babu amsa guda. A ganina kwas ɗin da ya sallami ɗalibi da saiti ɗaya a rubuce a takarda, a ce ka riƙa amfani da wannan, ya cuce shi.

Akwai wani tarko a saurin lesar ma. Harbi miliyan 80 a sakan yana nufin nanosakan 12.5 tsakanin harbi da harbi. Rini mai wa'adi 4 bai gama mutuwa ba a wannan tazara. Kusan kashi 4 cikin ɗari na haskensa yana nan lokacin da harbi na gaba ya iso, ya shiga ƙidayar da ba tasa ba. Ko dai a rage saurin zuwa miliyan 40 ko 20 idan lesar ta yarda, ko a gaya wa manhaja ta sa wannan ragowar a lissafi. Akwati ɗaya ne ake dannawa, kuma mutane da yawa ba su san yana nan ba.

Kafin a kai ga wa'adi ma, dole hannu ya faɗa da maikroskof ɗin da ke ƙasa. Yawancin FLIM a kan na'urar konfokal ake yin sa, wadda Marvin Minsky ya nemi rajistar ƙirƙirarta a 1957, mai amfani da ƙaramin huji don toshe hasken da ba daga daidai zurfin da ake kallo ya fito ba. Ko kuma a kan na'urar foton biyu, wadda Maria Göppert-Mayer ta yi hasashen tushenta a 1931, sannan Winfried Denk da James Strickler da Watt Webb suka nuna ta a jami'ar Cornell a 1990. Ita wannan tana shiga nama da zurfi, amma lesarta tana cikin aji mafi haɗari, kuma haskenta ido ba ya ganinsa, don haka ba za ka ƙifta ba kafin ya yi ɓarna. Zancen tabarau na kariya da cire zobe da agogo ba ado ba ne. Haka na'urorin kama haske masu tsada suna iya lalacewa idan wani ya kunna fitilar ɗaki suna aiki. Sauran ƙananan abubuwa, gilashin rufi mai kaurin milimita 0.17, man da ya dace da ruwan tabarau, kumfar iska da ta maƙale a ƙasa, duk rana ɗaya ta isa a koya, amma sai an taɓa.

Me ake nema da duk wannan wahala? Babban abin da ke jawo masana halitta shi ne sanin ko furotin biyu sun haɗu. Maikroskof na haske ba ya raba abubuwa biyu da suka fi kusan nanomita 200 kusanci, iyakar da Ernst Abbe ya bayyana a 1873 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Furotin kuwa nanomita kaɗan ne. Ganin kore da ja a ɗigo ɗaya bai nuna sun taɓa juna ba. Amma Theodor Förster ya yi bayani a 1948 cewa sinadari mai ƙyalli zai iya miƙa ƙarfinsa kai tsaye ga wani idan tazararsu ba ta wuce nanomita 10 ba, kuma miƙawar tana faɗuwa da sauri ƙwarai da nisa. Ga sinadarai biyu da ke musayar rabi a nanomita 5, a nanomita 10 abin bai kai kashi 2 ba. Idan mai bayarwa ya samu mai karɓa, wa'adinsa sai ya gajarta. Wannan shi ne FRET, kuma auna shi ta wa'adi ya fi auna shi ta ƙarfin haske aminci, tunda mai bayarwa kaɗai kake kallo.

A nan ma akwai rami. A ce mai bayarwa shi kaɗai yana da 2.5, tare da mai karɓa ya koma 2.0. Lissafi mai sauƙi ya ce miƙawa kashi 20. Amma wannan 2.0 tana iya nufin dukan furotin suna miƙa kashi 20, tana kuma iya nufin rabi suna miƙa kashi 40, wa'adinsu 1.5, sauran rabin ba su haɗu da kowa ba suna nan a 2.5. A ilimin halitta labarai biyu ne mabambanta. Raba su yana buƙatar a ɗora gangara biyu a kan bayanan, wannan kuma yana cin foton dubbai a maimakon ɗaruruwa. Sannan manhaja tana ba da matsakaici iri biyu: a misalin nan ɗaya zai ce 2.0, wanda ya fi ba wa masu haske nauyi zai ce kusan 2.1. Na farkon ne ya dace da lissafin FRET. Ɗalibai biyu a teburi ɗaya, da fayil ɗaya, sukan fito da amsa biyu saboda wannan kawai, kuma gardamar da ke biyo baya ta fi lacca amfani.

Dole kuma a samu samfuran kwatance: mai bayarwa shi kaɗai, a ƙwaya iri ɗaya, a rana ɗaya; da wani inda aka ɗaure mai bayarwa da mai karɓa da gangan don a ga iyakar abin da zai yiwu. Ko ruwan da aka rufe samfurin da shi yana canza lamba, domin wa'adi yana raguwa idan abin da ke kewaye ya fi lanƙwasa haske. Wanda ya kwatanta ƙwaya mai rai a ruwa da matacciya da aka rufe da gilisarin zai ga bambanci, ya ɗauka ya gano wani abu.

Wani fage da ke ƙara ƙarfi shi ne wanda ba a sa rini ko kaɗan. Sinadarin NADH, da ke tsakiyar yadda ƙwaya ke samar da kuzari, yana ƙyalli da kansa. Britton Chance ya yi amfani da ƙyallinsa wajen bin numfashin nama tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce, kuma a 1992 Joseph Lakowicz da abokan aikinsa suka nuna a hoto cewa wa'adi yana bambanta wanda ke yawo da wanda ya maƙale a furotin: na farko wajen 0.4, na biyu yakan kai nanosakan 2 zuwa sama. Rabon biyun yana sauyawa gwargwadon yadda ƙwaya ke ƙona sukari, shi ya sa masu binciken kansa da ƙwayoyin asali da garkuwar jiki suka rungume shi. Sai dai hasken rauni gare shi, NADH da ɗan'uwansa NADPH launinsu ɗaya, kuma ƙwaya da aka fitar daga ɗumin digiri 37 ta zauna a teburi mai sanyi ta riga ta canza halinta kafin a ɗauki hoto na farko.

Rabin horon a gaban kwamfuta ake yin sa, kuma nan ne aka fi samun saɓanin ra'ayi. Hanyar gargajiya ita ce ka zaɓi siffar gangara, ɗaya ko biyu ko uku, manhaja ta daidaita ta da bayanai. Haɗarinta shi ne duk lokacin da ka ƙara gangara daidaiton zai yi kyau, ko da babu komai a bayan ƙarin. Ana koya wa ɗalibi ya daina kallon lambar daidaito kaɗai, ya duba ragowar da ke tsakanin layi da bayanai: idan ta warwatse ba tsari, madalla, idan tana hawa da sauka kamar igiyar ruwa, akwai abin da aka rasa.

Hanya ta biyu ita ce fezo, wadda Michelle Digman da Enrico Gratton da abokansu a jami'ar Kalifoniya da ke Irvine suka yaɗa da wata maƙala a 2008. Ba ka zaɓar siffa tun farko. Kowane ɗigo na hoto ana juya gangararsa zuwa wuri ɗaya a kan zane mai rabin da'ira. Mai wa'adi guda tsantsa yana faɗawa a kan bakan, gajeru a dama, dogaye a hagu. A lesa mai miliyan 80, ƙololuwar bakan tana daidai da kusan nanosakan 2. Gauraye kuwa yana faɗawa ciki, a kan layin da ya haɗa iyayensa biyu. Ka zagaye wani gungu a zanen, wurarensa a hoton su haskaka. Ido yana kama wannan da wuri, shi ya sa sababbin shiga ke son sa. Amma sauƙin nan yana ruɗi: idan ba a saita zanen da rini sananne a wannan rana ba, dukan gungun zai karkace, kuma hasken da ba na samfurin ba yana jan ɗigo zuwa inda bai kamata ba. Ni ina ganin wanda ya iya ɗaya kawai bai gama koyo ba. Ya ɗauki fayil guda ya bi da shi ta hanyoyin biyu; inda suka saɓa, nan aikin yake.

Kuskuren da ya fi tsira har ya kai ga bugawa kuwa na ƙididdiga ne. Hoto ɗaya yana da ɗigo dubu sittin da wani abu, sai mutum ya ɗauke su a matsayin awo dubu sittin, kowane ɗan bambanci ya zama mai ma'ana a lissafi. Ɗigon nan duk daga ƙwaya ɗaya suke, a kwano ɗaya, a rana ɗaya. Abin ƙirgawa shi ne ƙwayoyi nawa, kuma sau nawa aka maimaita gwajin daga tushe. Launukan hoton ma zaɓin mai aiki ne: ka matse ma'aunin launi tsakanin 2.3 da 2.5, bambancin da bai taka kara ya karya ba zai fito ja da shuɗi.

Wuraren da ake irin wannan horo sanannu ne ga masu fannin: kwasa-kwasan maikroskof na cibiyar nazarin halittun ruwa da ke Woods Hole a Amurka, na cibiyar binciken halitta ta Turai, EMBL, a Heidelberg ta Jamus, da shirin horon maikroskof na Afirka da ke jami'ar Cape Town. Kamfanonin da ke ƙera kayan ma suna shirya nasu, masu amfani ne, illa dai kowa nasa yake nunawa. Mai neman shiga ya tambayi mutum nawa ne a kan na'ura ɗaya, domin idan sun wuce huɗu ko biyar, ɗaya ne ke aiki saura kallo suke. Ya tambaya ko za a bar shi ya zo da samfurinsa, tunda samfurin da masu horo suka shirya kullum yana da haske, nasa kuwa ba lallai ba. Ya kuma tambaya ko zai tafi da fayilolinsa na asali, masu ɗauke da lokacin kowane foton, da kuma ko an koyar da manhaja ta kyauta irin FLIMfit ta kwalejin Imperial a Landan ko FLIMJ da ke aiki cikin manhajar nazarin hoto mai suna Fiji, domin lasisin manhajar kamfani sau da yawa a kan kwamfutar ɗakin horon yake, ba ya bin ɗalibi zuwa ɗakin bincikensa.